Ƙulli Huɗu a Bakin Buhun Mai Gadi

Abin nan baƙi da ke kan kanta bayan sikeli, mai eriya kamar rediyo, ba na sayarwa ba ne, ba kuma na wasa ba ne. Sau uku ke nan ina kama ɗayanku, ku yaran rumfa, yana danna shi yana cewa "halo, halo". Tunda faɗa da baki bai shiga ba, ga shi a rubuce. Ku karanta a lokacin da kuke zaune kuna cewa aikin aika kaya ba komai ba ne, salatif ne da alƙalamin maka, kowa ma ya iya.

Shekarata tara a wannan rumfar. Kawu Isaka, ƙanin mahaifiyata, shi ya kafa ta a nan bakin titin Nima tun ba a haife ni ba, kuma aikinta bai canja ba: mutanen Zongo su kawo kaya, mu ɗaure, mu rubuta, mu ɗora wa manyan motocin da ke tashi daga nan Ankara, babban birnin Gana, zuwa arewa. Wasu su tsaya a Boku, wasu su tsallaka iyaka har Wagadugu da Yamai. Da na gama sakandare sakamakon bai yi kyau ba, Mma ta ce ba za ta ciyar da mai barcin hantsi ba, ta kamo hannuna ta kawo ni nan. Kawu ya dube ni ya ce, "Fusaina, kin iya rubutu?" Na ce to shekara goma sha biyu me nake yi a makaranta? Ya ce madalla, ki ajiye rubutun tukuna.

Aikina na farko bokitin shito ne, yajin nan da ake soyawa da mai. Wata mata daga Mamobi ta kawo za a kai wa 'yarta a Yamai. Na zagaye murfin da salatif har sau biyar, na ga ya yi kyau, na ɗora shi a kan wani kwali saboda ya fi kwalin sauƙi. Farin leshi ne a kwalin. Kwana biyu na rana da ramuka, man ya narke ya sami hanyarsa. Da labari ya dawo Kawu bai zage ni ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Basilla ya miƙo mini da damin buhunan da ba kowa a ciki, ya ce in ɗinke bakinsu, in warware, in sake ɗinkewa. Wata uku ban taɓa alƙalamin maka ba.

A wata ukun nan na koyi abin da ku kuke ganin ba ilimi ba ne. Abu mai ruwa yana shiga leda biyu, ya zauna a ƙasa, ko da mai shi zai yi kuka. Buhun gari ana matse ɗinkinsa, na tufafi ana sakar masa numfashi, in ba haka ba ya fashe a ciki idan aka hau kansa, kuma za a hau. Suna ana rubuta shi a gefe uku, don gefe ɗaya kullum yana kallon ƙasa, ɗaya kuma ruwan sama zai wanke shi. Adireshi kuwa, ku manta da abin da aka koya muku. "A ba Hadiza matar mai gyaran babur, kusa da rijiya." Wannan cikakken adireshi ne, kuma kaya suna isa, domin direba ya san rijiyar.

Firjin wani mai shayi a Kawukudi shi ya koya mini kada in yarda da kalmar "ɗan kaya". Ya ce ɗan kaya ne zai aika, in ajiye masa gurbi. Ya zo da firji a kan baro, a cikin firjin ya cusa tukwane, a cikin tukwanen sabulu. Kawu ya ɗaga gefe ɗaya da hannu, ya ajiye, ya lissafa masa abin da ke ciki bai buɗe ba. Dokarsa ke nan tun farko: saƙo amana ne, ba a buɗe shi. Hannu ke gani, ba ido ba.

Akwai kuma kaya iri ɗaya da ko hannun ma a hankali ake kai masa, wato kayan mamaci. Zongo cike yake da mutanen da suka zo neman abinci daga Nijar da Barkina suka bar iyali a gida. Idan ɗayansu ya rasu, a nan ake binne shi a ranar. Sai 'yan garinsu su shiga ɗakinsa, su tattara duk abin da ya bari, har cokali, su zuba a buhu. Dattijai uku su tsaya shaida, a ɗinke bakin da farin zare, kowane shaida ya yi ƙulli ɗaya da hannunsa. A aika wa gida sunayen masu ƙullin. Can kuma ba mai taɓa zaren sai magada sun taru gaban malami. In aka ga ƙulli uku lafiya, ba mai zargin kowa. In aka ga an yanke, to ko allura ba ta ɓace ba, an shuka gaba tsakanin gidaje har jikoki. Ba a biyan kuɗin mota a kan irin wannan buhu, kuma a takarda abu ɗaya muke rubutawa tun zamanin da: tsofaffin tufafi.

Mummunar shekarar ta fara ne da jita-jita. Rediyo kullum maganar 'yan bindiga a tsallaken iyaka, da cewa majalisa za ta gyara dokar yaƙi da ta'addanci. Kada ku ce na ce maganar banza ce. Yaya Seidu, direban da ya fi daɗewa da mu, ya ga ƙonanniyar mota a hanya da idonsa, kuma muna da masu aike da suka daina zuwa saboda ƙauyen da suke aika wa kaya ya watse. Abin da ya dame ni shi ne kowa da tasa dokar. Wannan direba ya ce an hana batir. Wancan ya ce ƙarya ne, takin zamani kawai aka hana. Na uku ya ce a shingen da ya bi tayar babur suke nema. Ana haka aka kawo takardar gayyata: duk masu aika kaya su zo taro a wani otal a Adabraka. Kawu ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "To, ga ranar rubutunki ta zo."

Mutum uku ne a kan tebur: wani lauya, wani daga ɓangaren tsaro, da matar da ta shirya taron. Lauyan ya yi bayani mai tsawo da Turanci. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya, kowace ƙasa sai ta gyara dokarta ta dace da ta sauran. Duk wanda ya taimaki 'yan ta'adda da kuɗi, ko kaya, ko mota, ko masauki, yana sane, ko kuma ya kamata a ce ya sani, to shi ma yana ciki. Wannan "ya kamata a ce ya sani" ita ta tsaya mini a wuya. Na ɗaga hannu.

"Batirin tocila, in ɗauka ko kar in ɗauka?"

"Ya danganta," in ji lauya.

"Da me?"

"Da wanda zai karɓa, da abin da zai yi da shi."

"Sikelina kilo yake aunawa, yallaɓai. Ba ya auna abin da mutum zai yi gobe a ƙasar da ban taɓa zuwa ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai ba ni amsa ba. Na ce to dokar ta fara aiki ne? Lauya ya ce a'a, an dai karanta ta sau biyu a majalisa, saura na uku. Na tsaro ya ce su a wajensu ta fara. Matar ta ce shayi ya yi. Aka raba mana damin fom, muka watse.

"Me suka ce?" in ji Kawu.

"Sun ce ya danganta."

"Wannan ai ni ma na sani, ban je otal ba."

Fom ɗin shi ne wanda kuke cikawa yanzu kuna hamma. Sunan mai aike da lambar katinsa, sunan mai karɓa, jerin abin da ke ciki. A can ƙasa layi ɗaya: na buɗe, na gani da idona, na sa hannu. A bayansa kuma jerin kayan da aka ce a kula da su, wanda ba a ce an hana ba, ba a kuma ce an yarda ba. Daga ranar dokar Kawu ta faɗi. Na sayi reza.

Mutane suka gudu. Wata Hajiya da ta shekara ashirin tana aike a nan ta fizge jakarta daga hannuna ta ce, "Ke yarinyar jiya, da na ga ranar sunanki, ke za ki zazzage mini kaya a bakin titi?" Rabin masu aikenmu suka koma miƙa wa direbobi ta taga, ba fom ba tambaya. Mu da muka bi ƙa'ida muka zauna muna korar ƙuda. Ina faɗa muku wannan ne don ku san a wane hali buhun Baba Hamani ya same ni.

Baba Hamani Bazabarme ne, mai gadi a wani gida a Adabraka. Duk bayan 'yan watanni yana zuwa da sabulu da ganyen shayi a aika wa iyalinsa a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar da Barkina. Ya zauna a bencin nan yana cin goro, ba ya tashi sai ya ga an ɗora kayansa. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Ranar wata Alhamis, mota za ta tashi bayan azahar, sai ga Malam Sumana, dattijon 'yan garinsu, da mutum biyu ɗauke da buhu. Farin zare, ƙulli uku.

Na yi musu ta'aziyya, na ɗauko reza. "Baba, sai na buɗe."

"Mi kika ce, ɗiyata?"

"Doka ce. Kowane kaya sai na gani."

"Dokar ta san Hamani?"

"Ba ta san kowa ba, Baba, shi ya sa."

Ya dafa buhun da hannu biyu. "To ji nan. In kin yanke zaren ga, ki shirya ki bi buhun har gida, ki tsaya gaban ɗiyansa ki rantse ba ki ɗauki komi ba. Ni ban iya wannan rantsuwa a madadinki."

Na juya wajen Kawu. Kawu ya ɗauki buta ya tafi alwala, alhali saura awa guda a kira salla. Layi ya taru a bayansu, rana ta take, Yaya Seidu yana ta danna hon yana ihu ta taga, "Akawu, yau za mu tashi ko sai an yi Salla?" Na matsa buhun da hannu. Tufafi ne, da wani abu mai tauri da na ce takalmi ne. Na rubuta abin da aka saba rubutawa, tsofaffin tufafi. Na sa hannu a ƙarƙashin layin nan da ya ce na gani da idona.

Ku lura da kyau, domin nan ne darasin. Ƙin buɗewa ba shi ne kuskuren ba. Da na ce ba zan ɗauka ba, da an zage ni an wuce. Kuskuren shi ne sa hannun. Na so in gamsar da tsohon da takardar a lokaci guda, don in rabu da layi.

Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Yaya Seidu ne, kuma bai ce mini Akawu ba.

"Fusaina, me kika sa mini a mota?"

A wani shingen bincike can arewa, kafin iyaka, aka sauke kaya. Wani ya taɓa buhun ya ji tauri, ya karanta fom, ya sa wuƙa. Aka bar motar ta wuce da direba na biyu, aka riƙe Seidu da buhun, aka juyo da su Ankara. Ranar Litinin muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofar rumfa da takarda mai sunana.

Ofishin da aka kira ni ba zan faɗi sunansa ba. Ɗaki ne mai fanka da dogon tebur, da wani jami'i mai kaurin gilashi da bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. A kan teburin an jera kayan Baba Hamani. Manyan takalman roba masu tsawo har gwiwa. Wata doguwar rigar kaki mai kauri. Tocila uku da tarin batir. Usur. Kulki. Wuƙa a kube. Tsofaffin wayoyi guda uku. Da abin nan da ke kan kanta, wanda ake kira oba-oba. Tufafin na gaske, riguna biyu da bargo, an ture su gefe.

Zan faɗa muku gaskiya: da na ga kayan a jere haka, ni kaina na fara tambayar raina ko na san tsohon nan. Mutumin da ya shekara yana tofar da goro a gaban rumfata.

"Madam," in ji jami'in, "kin san yankin da kayan nan za su?"

"Na sani."

"To gaya mini, wane irin mutum ne ke buƙatar waɗannan?"

"Mai gadi. Irin wanda ke zaune a ƙofar gidanku kuna barci."

"Kin ce ya mutu."

"Shi ya sa kayan suke tafiya shi ba ya tafiya."

Ya turo mini fom ɗin. Rubutuna ne? Nawa ne. Na buɗe? Ban buɗe ba. Na sa hannu cewa na gani? Na sa. Na yi masa bayanin farin zare da ƙulli uku, ya saurara har ƙarshe, ya rubuta wani abu. Sai ya ce in kawo katin shaidar marigayin. Ba shi da shi. Takardar mutuwa fa? An binne shi kafin la'asar, wa ya tsaya takarda.

"Mutumin da ba shi da kati, ba shi da takardar mutuwa," ya ce, "a wajena bai rayu ba, bai kuma mutu ba. Abin da nake da shi kawai kayan nan ne da sa hannunki. Na ba ki zuwa Juma'a ki kawo mini shi a kan takarda ko a bakin wanda zan iya yarda da shi. In ba haka ba fayil ɗin zai hau sama, kuma can ba sa tambayar zare."

Na tafi wajen Malam Sumana. Ya ce shi ba ya shiga ofishin hukuma, takardunsa ma ba su cika ba, in ya shiga wa ya san ko zai fito. Na ce Baba, ku kuka hana ni buɗewa. Ya ce, "Na hana ki buɗewa. Ban ce ki rubuta kin buɗe ba." Amma ya kwatanta mini gidan da marigayin ya yi gadi.

Maa Dede ce mai gidan, tsohuwa 'yar ƙabilar Ga, gwiwoyinta sun ƙi, tana zaune a bene ba ta cika saukowa ba. Na fara bayani da Turanci, ina kaiwa kan oba-oba ta ɗaga mini hannu. Ta sa aka miƙo mata zanenta na fita da sandarta, ta laluba ƙarƙashin matashinta ta ɗauko wani abu ta jefa a jaka. Minti goma muka yi muna sauka daga benen.

Ranar Juma'a da safe muka shiga ofishin, ni da ita da Kawu. Malam Sumana ma ya biyo mu, ya ce a bakin ƙofa zai tsaya, amma da aka buɗe sai ya shigo. Maa Dede ba ta jira an ba ta kujera ba. Ta bi teburin da sanda tana nunawa, tana magana da Ga tana haɗawa da Turanci. Rigar kakin ta marigayi mijinta ce da ya yi aiki a tashar jirgin ruwa, ita ta ba Hamani saboda sauro da sanyin asuba. Takalman na damina ne, don layinsu yana cika da ruwa. Wayoyin matattu ne da jikokinta suka yar, shi kuma ya tsince ya ce zai gyara wa 'ya'yansa.

"Wannan fa?" in ji jami'in, ya ɗaga oba-oba.

Ta ce ya sa masa batir, ga su nan a gabansa tuli. Ya sa. Ta ciro ɗan'uwansa daga jaka. Kayan wasan yara ne, wani jikanta ya zo da su daga waje ya bari, ita kuma da gwiwa ta hana ta sauka sai ta mai da su abin kiran mai gadi, ta ba shi ɗaya kyauta. Ta danna, ta kai bakinta, ta faɗi iyakar Hausar da ta koya a wajensa cikin shekara ashirin da wani abu. Sai muryarta ta fito daga hannun jami'in:

"Hamani, buɗe ƙofa."

Malam Sumana ya juya ya fuskanci bango. Jami'in ya ajiye abin a hankali, ya cire gilashinsa ya goge.

Da ya gama rubuce-rubucensa ya ce za a cire kwaɗon, an sallami Seidu, ni kuma gargaɗi ne a rubuce, in na sake sai kotu. Kawu yana ta taka mini ƙafa in yi shiru, amma na kasa.

"Yallaɓai, don Allah wace doka na karya? Sabuwar?"

Ya buɗe wani fayil, ya rufe. Ya fita ya yi waya, ya dawo. Ya ce ɓangaren da ya shafi aika kaya yana majalisa har yanzu. Abin da suke aiki da shi umarni ne na wucin gadi, kafin dokar ta fito.

"To na karya ko ban karya ba?"

"Kin rubuta ƙarya a takardar hukuma, Madam. Wannan dokar ta girme ki."

Wannan kam na gane. Ita kaɗai na gane a shekarar gaba ɗaya.

Na ɗauka an gama, na fara mayar da kaya cikin buhu. Malam Sumana ya ce shi ba ya taɓa shi. An yanke zare, shaidarsa ta faɗi, me zai gaya wa Jibo, babban ɗan marigayin? A nan ne Kawu, wanda ya gudu alwala ranar da ake buƙatarsa, ya biya bashin bakinsa. Ya ce shaida ai wanda ya ga ciki ne. Duk wanda ya ga cikin buhun nan a ɗakin nan, ya ƙulla.

"Har ni?" in ji jami'in.

"Ku kuka buɗe."

"Ba ni ba ne, na shinge ne."

"Rigarku ɗaya, yallaɓai."

Kullum akwai basilla da farin zare a jakata, kuma daga yau ku ma haka. Na ɗinke bakin a kan teburin hukuma. Malam Sumana ya ƙulla, Maa Dede ta ƙulla, na ƙulla a madadina da Kawu. Jami'in ya daɗe yana fama da zaren, ya yi wani ƙulli kamar na takalmin ɗan makaranta, sannan ya buga hatimi a takarda ya manna a jikin buhun don na shinge su gani.

Abu ɗaya ne bai shiga ba. Ya ce oba-oba, ko na wasa ne, na'urar sadarwa ce, kuma yana cikin jerin bayan fom. Ba zai iya barin ya tsallaka iyaka ba, ba kuma zai iya ƙwace shi ba tunda ba laifi aka yi da shi ba. A ajiye shi wajen wani har doka ta fito ta fayyace. Ya dube ni. Na sa hannu a karo na biyu.

Yaya Seidu ne ya kai buhun, bayan ya rantse sau uku ba zai ɗauka ba. Wata biyu bai gaishe ni ba, da ya fara kuma sai ya koma kirana Madam Tsofaffin Tufafi, har yau. Bayan sati ɗaya Jibo ya aiko da saƙon murya ta wayar Malam Sumana. Ya ce buhu ya iso, sun ga ƙulli huɗu, sun ji sunayen, sun yarda, Allah ya saka. Ya tambayi wane ne mai ƙullin nan maras kyau. Malam Sumana ya ce masa gwamnati ce. Sannan Jibo ya ce malaminsu ya raba komai, amma ya ce tunda akwai abu ɗaya na marigayi da ya rage a wata ƙasa, rabon bai rufe ba sai ya iso.

Tun daga lokacin, kayan mamaci a nan rumfar ake ɗinke su. Dattijai su zo da kayan a buɗe, a ja labule, in gani, in rubuta har cokali, sannan su ƙulla. Da farko sun yi gunaguni cewa mace, kuma yarinya, ba ta zama cikin shaidu. Na ce to su je wata rumfar. Sun dawo.

Daga baya na ji a rediyo an ce dokar ta wuce. Na ɗauki oba-oba na koma ofishin. An canja wa mai gilashin wurin aiki. Wanda na tarar ya ce e, doka ta fito, amma jerin kayan da za ta hana wata hukuma ce za ta fitar, kuma ba ta fitar ba tukuna. Na ce to wannan zai iya tafiya? Ya juya shi, ya danna, ya ce ya danganta. Ban tambaye shi da me ba. Na dawo da abina.

Duk Salla Jibo yana aiko da gaisuwa, kuma a ƙarshen gaisuwar yana tambaya. Ba don abin yana da daraja ba, ko batir biyu bai kai ba. Ƙannensa mata ne suke so a ce an gama da kayan babansu. Ni kuma duk Salla amsata ɗaya ce: yana nan, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba.

Saboda haka ku sauke hannunku daga kansa. Na marayu ne, kuma sunana ne a kan takardarsa. Wannan karon da idona na gani, kuma yadda na gan shi haka zai isa.